Daga kamu zuwa murabba'in mita: tarihin awon gida a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Gabatarwa

Mutumin da ya sayi fili ya gina gida a ɗaya daga cikin garuruwan da ke kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, tun daga Gidan Rumji, a bi ta Tsibiri da Cadawa da Agye har zuwa Gazawa, yakan yi ma'amala da awo iri uku kafin ya tare. A ofishin magajin gari ana rubuta masa faɗin filinsa da murabba'in mita. In ya je wurin magini, sai a yi masa lissafi da yawan bulo da yawan kwano. Ranar da zai ba da haya, ko ranar da magada za su raba gidan, ɗakuna ake ƙirgawa. Waɗannan awo uku ba su fito daga tushe ɗaya ba, ba a lokaci ɗaya suka shigo ƙasar ba, kuma ba kullum suke daidaita da juna ba.

Wannan maƙala tana bin sawun kowanensu. Abin da muke son nunawa shi ne, murabba'in mita, wanda Faransanci ke kira mètre carré, ya ci filin gida tun zamanin mulkin mallaka, amma ya tsaya a bakin zaure. Cikin ɗaki da tsakar gida suna nan a hannun wasu ma'aunai. Mai saye da bai san wannan rarrabuwa ba shi ne ke biyan kuɗin abin da ba zai zauna a cikinsa ba. Ga masu nazarin ƙididdiga kuma akwai wata matsalar, domin alƙaluman da ake kwatanta gidajenmu da na wasu ƙasashe da su an gina su ne a kan ma'anar “gida” wadda ba tamu ba.

Awon jiki

Kafin zuwan Turawa, jikin mutum shi ne ma'auni. Akwai ɗani, wato tazarar babban yatsa da na tsakiya in an buɗe hannu, akwai kamu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, wanda malamai ke kira zira'i, akwai taki, sannan akwai gaba, wato faɗin hannuwa biyu a miƙe. Kowane da fagensa. Masaƙi da mai sayar da ƙyalle da kamu suke aiki, mai haƙar rijiya da gaba, har yau kuma a ƙauyukan jigawa in an tambayi zurfin rijiya da gaba ake amsawa. Abin lura shi ne, duk waɗannan awon tsawo ne. Babu ɗaya daga cikinsu da ke auna shimfiɗar wuri, wato tsawo a ninka da faɗi. Ko gona ma, da yawan irin da take ci, ko dammunan hatsin da take bayarwa, ko kwanakin da ake yi ana nomanta ake sanin girmanta.

Ɗakin da ya fi yawa a karkarar Katsina da Gobir shi ne kago, zagayayyen ɗakin ƙasa mai jinka, da kuma ɗakin kara ga wanda bai daɗe da sauka ba. Awonsa ba shi da wuya: a kafa turke a tsakiya, a ɗaura igiya, a zagaya da ita a shata da'ira. Tsawon igiyar nan shi kaɗai ne lissafin. Idan faɗin cikin ɗakin ya kai mita 4, shimfiɗarsa ta kusa murabba'in mita 12.6, amma wannan adadi namu ne na yau. Mai ɗakin abin da ya sani shi ne ko gado da tukwane da jeren ƙorai za su shiga, kuma ko majiya ƙarfin unguwa za su iya ɗaga jinkar su ɗora.

A soro da shigifa kuwa, wato ɗakuna masu kusurwa huɗu, itace ne ke yanke hukunci. Rufin ƙasa yana da nauyi, azarar giginya kuma ba ta ɗaukarsa sai a tazarar da ba ta wuce kimanin mita 2 ba. Masu binciken ginin Hausa, irin su J. C. Moughtin a littafinsa na 1985, sun bayyana yadda magina suka yi dabarar wuce wannan iyaka: a jera azara a kusurwoyi, a fito da kan bango ciki, a kafa ginshiƙi, ko a ɗaura baka kamar yadda Babban Gwani Mika'ilu ya yi a masallacin Jumma'a na Zariya a ƙarni na 19. Sai dai baka aikin gwanaye ne, kuma na fada da attajirai. A yankin da muke magana, inda Gulbin Kaba ya ratsa da goribarsa, talaka da itacen da ya samu yake rufi. Saboda haka faɗin ɗaki ba zaɓin mai gida ba ne ƙwarai. Tsawon itacen da aka sara shi ne faɗin ɗakin. In ana son ƙarin wuri sai a ƙara ɗaki, ba a faɗaɗa wanda ke akwai. Daga nan ne al'adar ƙirga gida da ɗakuna ta samo tushenta, kuma ta dace da tsarin zama: kowace matar aure da ɗakinta, mai gida da turakarsa in yana da hali, samari a kusa da zaure.

Filin gidan kansa fa? A nan sai mun tuna tarihin ƙasar. Bayan masu jihadi sun ci Birnin Katsina a 1807, sarautar Katsina ta dā ta koma arewa ta kafu a Maraɗi, Tasawa da Gazawa kuma suna cikin ƙasashen da ke da alaƙa da ita. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri. Kusan ƙarnin nan duka an yi shi cikin hare-hare, jama'a suna matse a garuruwa masu ganuwa ko kafi, galibi a bakin gulbi, daji kuwa babu mai kwana cikinsa. Da yaƙi ya kwanta a farkon ƙarni na 20, sai mutane suka bazu cikin jigawa suna sarar daji. Sunayen garuruwan sun riƙe wannan labari: Gidan Rumji, Gidan Sori, da sauran ƙauyuka da yawa masu farawa da “Gidan” ko “Garin” wane. Gida a nan mutum ne da iyalinsa. Wanda ya zo daga baya, mai gari ya nuna masa wuri, ya kafa darni, in iyali sun ƙaru ya matsa darnin gaba. Guy Nicolas, a nazarinsa na 1966 kan yadda Hausawan kwarin Maraɗi ke tsara sarari, ya nuna cewa abin da ake kula da shi wajen kafa gari ko gona ko kasuwa shi ne fuskoki huɗu, gabas da yamma da kudu da arewa, da tsakiya. Wuri yana da fuska, yana da iyaka, yana da maƙwabta. Adadin shimfiɗarsa ba ya cikin abin da ake tambaya.

Kada a ɗauka malaman fiƙihu ba su san awon ƙasa ba. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Risala da Muhtasar na Halil, suna da babin ciniki da na rabo da na shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya na karɓar kason da aka sayar wa bare. Akwai hadisin da ya ƙayyade faɗin hanya da zira'i bakwai in an yi saɓani. Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi rubutu a kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. Ilmin yana nan, abin da babu shi ne buƙata. Ba a tsananta awo a kan abin da ba a saye.

Yadda mita ta iso

Mita ƴar juyin juya halin Faransa ce. An kafa ta da doka a 1795, aka tilasta aiki da ita a Faransa kanta daga 1840, bayan mutanen karkararsu sun daɗe suna turjiya da nasu tsoffin ma'aunai. Ta iso ƙasar Maraɗi tare da kumandan, bayan yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila sun bar yankin a hannun Faransa.

Amma ta daɗe ba ta taɓa talaka ba, kuma dalilin yana cikin tsarin haraji. Faransawa kai suke ƙirgawa: lanho a kan mutum yake, da dabba, ba a kan faɗin gida ko gona ba. A ƙetaren iyaka abin ya bambanta. A ƙasar Kano Ingilishi sun shigo da harajin taki a farkon ƙarnin, inda malaman taki ke bin gonaki suna aunawa da ƙafa, a ninka tsawo da faɗi, a yanka wa manomi kuɗi gwargwadon abin da aka samu. Ke nan manomin Kano ya haɗu da lissafin shimfiɗa tun da wuri, ta hanyar da ba ya so, alhali ɗan'uwansa na Gazawa bai ga dalilin saninsa ba.

A takarda kuwa dokar ta riga ta zo. Dokar 24 ga Yuli 1906, wadda ta 26 ga Yuli 1932 ta maye gurbinta, ta kafa tsarin rajistar ƙasa a Afirka ta Yamma ta Faransa. Wanda ke son cikakkiyar takardar mallaka, titre foncier, sai mai awon ƙasa ya zo ya kafa turakun siminti a kusurwoyi, ya zana taswira, a rubuta faɗin wurin a babban littafi. Daga ranar, a idon hukuma, filin shi ne adadin da aka rubuta da layin da aka zana, ko maƙwabta sun mutu ko sun tashi. Wannan babban sauyi ne a ma'anar mallaka, sai dai waɗanda suka amfana da shi kaɗan ne: kamfanonin sayen gyaɗa, da ƴan kasuwa baƙi, da ita hukumar kanta.

Abin da ya sa jama'a da yawa suka ga aikin mita da idonsu shi ne ambaliyar 1945. A shekarar nan Gulbin Maraɗi ya cika ya ci tsohon birnin da ke cikin kwari, hukumar mulkin mallaka kuma ta mai da garin bisa tudu. Sabon Maraɗi da igiyar awo aka shata shi: tituna miƙaƙƙu masu faɗi, suna gicciye da juna, tsakaninsu filaye masu kusurwa huɗu. Mutanen da suka saba da lungu da gida mai bin siffar dangi suka sami kansu cikin murabba'i mai iyaka tabbatacciya, wadda ba a matsawa in an yi sabuwar amarya. Wannan tsari, lotissement a Faransanci, shi ya zama abin koyi ga duk garin da ya sami matsayin hukuma daga baya. Agye da Gidan Rumji sun zama cibiyoyin mulki a farkon shekarun 1970, aka yanka musu unguwannin ma'aikata da na ƴan kasuwa a kan wannan salo. Gazawa ba ta zama gunduma mai zaman kanta ba sai a 2011, lokacin da aka cire ta daga Agye.

Filayen da ake yankawa a irin wannan tsari galibi adadinsu cikakke ne: mita 20 a 20, wato murabba'in mita 400; 20 a 30, wato 600; ko 15 a 20, wato 300. Mai saye yakan karɓi takardar da ake kira acte de cession, mai ɗauke da lambar tsibirin gidaje da harafin fili da faɗinsa. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, yanka fili ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin shiga ga magadan gari, gonakin bakin gari kuma suka riƙa komawa filayen gida. A farkon shekarun 2000 ma gwamnatin Nijar ta biya wani ɓangare na bashin albashin ma'aikata da filaye. Idan har ana iya biyan albashi da abu, to abin ya zama kuɗi. Fili mai murabba'in mita 400 ya zama kamar takardar banki, ana saye ana sayarwa ba tare da an taka wurin ba.

Cikin ɗaki

Takardar fili ba ta cewa kome game da ginin da ke kansa. A nan ne mai saye ko mai gini ya fi buƙatar lissafi, kuma a nan ne ya fi ƙaranci.

Mu ɗauki misali mai sauƙi. Magini ya ce zai yi ɗaki “huɗu a huɗu”. Idan daga waje ya auna, kuma bangon na ƙasa ne mai kaurin santimita 40, cikin ɗakin zai zama mita 3.2 a 3.2, wato murabba'in mita 10.24. Daga cikin 16 da ginin ya ci a ƙasa, bango ya tafi da kashi 36 cikin 100. Idan da bulon siminti ne, bango da shafensa santimita 20, cikin zai zama 3.6 a 3.6, wato 12.96. In kuwa huɗu a huɗun daga ciki ake nufi, to 16 ne cif. Magana ɗaya ce, amma tsakanin ƙaramin adadi da babban akwai kusan murabba'in mita 6, wurin gado da akwatuna. Rigimar mai gida da magini sau da yawa daga nan take tasowa, kowannensu kuma yana da gaskiya a kan abin da ya fahimta. Haka abin yake da tsohon awo. Kamun wani santimita 45 ne, na wani 50. Bambancin kamar ba kome ba ne, amma ɗaki mai kamu 8 a 8 zai zama murabba'in mita 12.96 a hannun na farko, 16 a hannun na biyu. Kuskuren tsawo yakan ninku in ya shiga shimfiɗa.

Da rufin kwano ya yaɗu, sai ya karɓi matsayin da azara take da shi a dā. Kwano da katako daga masana'anta suke zuwa da tsawonsu, magini kuma ba ya son yankawa a yi asara, don haka yakan daidaita ɗaki da su. A Burkina Faso abin ya kai har ana faɗin girman gida da yawan kwanon da ya rufe shi, a ce gida mai kwano 16 ko 20. A kasuwannin ƙasar Hausa kuma da bandir ake ciniki, mai ɗauke da falle 20. Bulo ma haka: mai tsawon santimita 40 da tsayin 20, guda 12 da rabi ne ke cika murabba'in mita ɗaya na bango. Lura da kyau, na bango, ba na daɓe ba. Mai gini yana iya sanin yawan bulon da ya saya da buhunan siminti har da kuɗin jigila, bai taɓa sanin faɗin daɓen da zai shimfiɗa tabarma a kai ba. Sai ranar da ya tashi sa tayil, wanda da murabba'in mita ake sayar da shi, sannan adadin ke fitowa.

Akwai kuma maƙwabtaka da Nijeriya. Kayan gini da yawa ta hanyar Katsina da Jibiya suke shigowa, magina da kafintoci kuma suna kai da kawo tsakanin ƙasashen biyu. Ko da yake Nijeriya ta koma tsarin mita a hukumance tun shekarun 1970, harkar gini da ta fili a can har yanzu da ƙafa da inci ake yin ta: bulo mai inci 6 ko 9, katako mai ƙafa 12, ɗaki 12 a 12, fuloti 50 a 100. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12 murabba'in mita 13.4 ne. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 kuwa kimanin 465 ne. Wanda ya zagaye lissafin ya ce mita 15 a 30 ne, 450 ya samu, ya zubar da wurin ɗaki guda ba tare da ya sani ba. Mutanen Maraɗi ba baƙi ba ne ga irin wannan lissafi mai harshe biyu, tun da a takardar kuɗi an rubuta 1,000 amma a baki jika ce, dala 200. Bambancin shi ne kowa ya san dala sefa 5 ce, ƙafa da mita kuwa ba kowa ya san tsakaninsu ba.

Yana da amfani mu dubi yadda Faransa, inda dokokin gininmu suka samo asali, ta bi da wannan matsala. Dokar Carrez ta 18 ga Disamba 1996 ta wajabta wa mai sayar da gida a benen tarayya ya rubuta faɗin daɓensa a takardar ciniki, bayan an cire bango da matakala da ƙofofi, da duk wurin da tsayin rufinsa bai kai mita 1.80 ba. In aka tarar abin da ke ƙasa ya gaza abin da aka rubuta da fiye da kashi 5 cikin 100, mai saye yana da ikon neman ragin kuɗi. A fannin izinin gini kuma sun daɗe suna aiki da awo biyu, SHOB da SHON, har 2012 da aka maye su da awo guda. Wato ko a can ba a wayi gari da ma'ana ɗaya ba. Shekaru aka yi ana gyara, kuma tsadar wuri a birane ce ta tilasta.

Sai dai ɗauko wannan ma'ana a ɗora ta a kan gidan Bahaushe yana da nasa haɗari. Abin da Faransanci ke kira surface habitable wuri ne mai rufi da bango. A gidan Agye ko na Tsibiri kuwa, daka da girki da wanki da renon yara da cin abinci duk a tsakar gida ake yinsu, da bazara ma a nan ake kwana. Rumfa, da gindin bedi, da wurin turken awaki, da rumbu, duk suna cikin abin da ke sa gida ya zaunu. Ga matar da ke cikin kulle, tsakar gida ita ce kasuwarta da wurin sana'arta. Ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya na cunkoso, wanda ke cewa in fiye da mutum uku suna ɗaki ɗaya an matsu, da ma'anar ɗaki a ƙidayar jama'a, wato wuri mai bango wanda ya kai murabba'in mita 4, duka ba su ganin wannan fili. Sakamakon haka, gida mai ɗaki biyu da tsakar gida mai faɗi yakan fito a jadawali a matsayin matsattse, jeren ɗakunan haya shida da suka cinye filinsu ƙaf kuma su fito a matsayin wadatattu. A ganinmu duk ɗalibin da zai yi binciken gidaje a wannan yanki ya kamata ya auna abu uku dabam dabam: filin duka, abin da gini ya rufe, da daɓen cikin ɗakuna. Abin da ya rage bayan an cire na biyu daga na farko shi ne ya fi ba da labarin zaman gidan.

Da ƙasa ta yi wuya

Dajin da aka sara a farkon ƙarni na 20 ya ƙare. Binciken Claude Raynaut da abokan aikinsa a ƙasar Maraɗi tun shekarun 1970 ya nuna yadda saura ke ɓacewa, gandu ke rarrabuwa, saye da jinginar gona ke yawaita. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Maraɗi mutum miliyan 3.4, ta biyu a yawan jama'a a ƙasar; gundumar Gidan Rumji tana da fiye da 520,000, Agye kimanin 246,000, Gazawa kimanin 160,000. Darnin da ake matsawa gaba a dā yanzu gonar wani yake tararwa.

A nan ne awo ya shiga rabon gado. Shari'a ta ba namiji kaso biyu, mace ɗaya, matar mamaci mai ƴaƴa kuma sumuni, wato ɗaya cikin takwas. Lokacin da ƙasa ke da yawa, akan bar gida a hannun maza ba tare da an raba ba, mata su tafi gidan aure. Marthe Doka da Marie Monimart, a nazarinsu na 2004 kan kudancin Maraɗi, sun nuna yadda ƙarancin ƙasa ke fitar da mata daga noma, da yadda wasunsu suka koma neman haƙƙinsu ta hanyar rabon Musulunci, domin shi ne ke ba su kaso sananne. Amma sumunin gida mai ɗaki biyar nawa ne? Ɗaki ba ya rabuwa takwas. Dole a yi ɗaya daga cikin biyu: ko a yi wa gidan kuɗi, ko a ja igiyar awo. In an ja igiya kuma sai tambayar da muka yi a sama ta dawo, domin wanda kasonsa ya faɗa kan zaure da bakin hanya, da wadda nata ya faɗa kan bayan gida, adadinsu ɗaya a takarda. Gidajen gado da yawa da aka raba ta haka sun zama ƴan siraran wurare, kowane da ƙofarsa, tsakar gidan da ta haɗa su kuwa ta tafi a bango.

Hukuma ta yi ƙoƙarin kusanto da takarda ga mutanen karkara. Dokar 93-015 ta 2 ga Maris 1993, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin Code rural, ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta rubuce, ta kuma kafa kwamitocin kula da ƙasa, waɗanda daga baya suka sauka har matakin ƙaramar hukuma da ƙauye, suna ba da takardun shaidar saye da kyauta da aro da jingina. A shekarun 2000, wani aikin raya karkara na gundumar Agye da asusun FIDA ya tallafa wa ya gwada auna gonakin ƙauyen Ɗan Saga da na'urar GPS, aka yi musu taswira da rajista. A cikin shekarun nan ne kuma gwamnati ta fito da sauƙaƙƙiyar takardar mallaka da aka sa wa suna Sheda. Zaɓen sunan abin lura ne. A tsohon tsari shaida mutum ne, dattijon da ya ga ranar da aka kafa darni, ya san itacen da ke kan iyaka. A sabon tsari an ba takarda sunansa da aikinsa.

Har yanzu dai mafi yawan cinikin gida a ƙauyukan gundumomin uku da iyakoki ake bayyana shi: gabas gidan wane, yamma hanya, kudu wane, arewa wane, a gaban mai gari da shaidu. Wannan bayani yana da ƙarfin da adadi ba shi da shi, domin maƙwabci na iya tashi ya ce a'a. Rauninsa kuma shi ne ba ya hana bango tafiya. In katangar ƙasa ta faɗi da damina aka sake ta da ɗani ɗaya a waje, iyakokin huɗu suna nan yadda aka faɗe su, fili kuwa ya sauya. A gefe mai tsawon mita 20, ɗani guda na santimita 20 murabba'in mita 4 ne, daidai da ƙaramin ɗakin da masu ƙidaya ke yarda su rubuta.